Cediyar Tungar Tuta

Tungar Tuta, 20 ga Safar 1311

Daga Haliru, Ardon Tungar Tuta, zuwa ga taubashiyata Malama Iyatu 'yar Modibbo Abdulsalami, a birnin Kwantagora. Gaisuwa da aminci da yarda.

Muna lafiya, sai Goggo Inno da gwiwa ta hana ta fita tatsa. Damina ta yi kyau. Na san shekara goma sha biyar ke nan rabonki da garinmu, na kuma san za ki ce sai da buƙata ta kama ni na tuna kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito. Ki faɗa, na yarda. Ki dai karanta har ƙarshe.

Kin san abin da muka tashi muka tarar ana faɗa. A garinmu aka fara kafa tuta, tun ba a ɗora tubali ɗaya a ganuwar Kwantagora ba. Damina biyu runduna ta yi a rugar kakana Ardo Gidaɗo. Turken da aka kafa wa dokin mai tuta ɗanyen reshen cediya ne, ya tsiro ya zama itace, ga shi nan tsakiyar gari muna shan inuwarsa. Saboda wannan aka bar mana fadama ta zama hurumi. Ba dokin da ke cin ciyawarta, ba mai sa garma a cikinta, sai shanunmu.

To, wani barde mai suna Alheri, an ba shi ƙasa a bayan dutsen da ke gabas da mu shekara uku da suka wuce, ya tara mutane ana ce wa wurin Dutsen Alheri. Ya kai magana fada cewa garinsa ne mazaunin farko, mu 'yan ci-rani ne, fadama tasa ce. Mutumin da ko cibiyarsa ba a ƙasar nan aka binne ba. An ce za a turo manzo.

Iyatu, annobar shekaran bara ta bar mu da shanu talatin da bakwai cikin ɗari huɗu. Da ciyawar fadamar nan suke ƙetare rani. In aka karɓe ta, sai mu shiga daji da su, da mata da tsofaffi, kin kuwa san abin da ke samun mutanen da ba su da gari a wannan zamani.

Kawu Modibbo yana cikin rundunar nan, shi ne ma ya ja su zuwa rugar kawunsa Gidaɗo, kuma kowa ya san ko akuya ce ta haihu sai ya rubuta. Don Allah ki duba gafakarsa. Larai mai tallan man shanu ce ta kawo wannan, ita za ki ba amsa. Ƙwaryar man da ke hannunta taki ce. Wassalam.


Kwantagora, 2 ga Rabi'ul Awwal

Daga Iyatu zuwa ga Haliru, Ardon babban birnin duniya. Gaisuwa da aminci.

Lafiya muke, sai idona na hagu da ke ruwa in na daɗe a kan rubutu. A gaishe da Goggo Inno, a ce ta bar tatsa ga masu gwiwa. Man ya iso, ya yi kyau. Rubutunka ne bai yi ba, kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman hanyar gida.

Ka sani garinku ne na biyar da na ji an ce a can aka fara kafa tuta. Akwai masu nuna rijiya. Akwai masu nuna falalen dutse da gurbin goshi a kansa. Akwai wani ƙauye da ke rantsuwa da murhun da aka dafa wa runduna tuwo, kuma duk shekara murhun ƙara girma yake yi. In duk gaskiya suke faɗa, mutanen nan ba yaƙi ya fito da su ba, yawon gaishe-gaishe suka fito. Mu da ke cikin birnin da ya tabbata ba mu taɓa tambayar wa ya riga wa ba, muna fama da tsadar gishiri.

Duk da haka na duba. Gafaka uku Baffa Modibbo ya bari. Ƙanena Na'inna, da yake yana rubutu a zauren alƙali, ya kwashe littattafan fiƙihu ya bar mini abin da ya kira tarkace. A cikin tarkacen, tsakanin maganin ciwon haƙori da lissafin taurarin damina, na sami falle biyu da damshi ya manne su. Na saman yana karantuwa. Ga abin da ya ce:

"Muka sauka a rugar kawuna Gidaɗo, ya tarye mu da nono da bijimai bakwai. A nan aka kafa tuta, muka yi damina biyu. Turken cediya ya yi ganye kafin mu tashi."

Ban so in gaya maka ba, saboda na san girman kanka, amma da alama cikin masu ƙaryar nan biyar kai ne mai gaskiya.

Falle na biyu yana manne har yanzu. Ina kara shi a tururin ruwan zafi kaɗan-kaɗan, in na yi gaggawa tawadar za ta narke. Ka kwantar da hankalinka, sunan kakanka yana nan da hannun Baffa. Amma ka kama bakinka sai na gama karantawa.

Ku 'ya'yan namiji kuna cewa mu 'ya'yan mace bayinku ne. To, baiwa ta yi aiki, a ƙaro mai. Wassalam.


Kwantagora, 9 ga Rabi'ul Awwal

Daga Iyatu zuwa ga Haliru. Gaisuwa. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Yau ba wasa a bakina.

Falle na biyu ya buɗe jiya. Baffa, Allah ya jiƙansa, ba ya iya ganin abu ya bar shi ba sifa. Ya rubuta:

"Wurin yana gindin dutse mai tsaga biyu. Dutsen na gabas da turken, kusa ƙwarai, har inuwarsa kan rufe shi da hantsi."

Haliru, na yi kwana tara a garinku lokacin bikin ƙanwarka. Na zauna a gindin cediyarku da hantsi, rana ta gasa mini ƙeya ta gefen gabas, ban ga abin da ya tare ta ba. Na tuna ƙasa shimfiɗe, na tuna marke biyu da hanyar rafi. Ban tuna dutse ba. Mutum yana iya manta fuskar amarya, amma ba ya manta dutsen da ya isa ya rufe itace da inuwa.

Kai da kanka ka rubuta mini cewa dutse yana wajen Alheri. To, ina naku? Ko dai idona ne ya fara lalacewa tun a lokacin, ko kuma akwai abin da ba ka gaya mini ba.

Kafin ka amsa mini wannan, kada ka ambaci takardar nan ga kowa. Ko manzo, ko limaminku, ko matarka. Yadda take a yanzu, ta fi yi wa Alheri aiki a kanka. In manzo ya zo, ka tsaya a kan cediya da shaidar tsofaffi, ka bar Baffa ya kwanta a gafakarsa.

Na roƙi Larai ta bar sauran tallanta ta kama hanya yau. Ta ce jikinta ba daɗi, amma za ta tafi. Wassalam.


Tungar Tuta, 16 ga Rabi'ul Awwal

Daga Haliru zuwa ga Malama Iyatu, hasken zuriyar kakarki Fadimatu. Gaisuwa da godiya mai yawa.

Kowa lafiya. Tunda wasiƙarki mai sunan kakana ta iso nake cin tuwo malmala biyu. Na sa liman ya karanta ta sau uku a gindin cediya, mata suka yi guɗa. Larai ba ta sake zuwa ba, shi ya sa na ba wa mutanen manzo wannan su kawo miki.

I, manzo ya zo shekaranjiya, da Alheri a bayansa a kan wani doki mai kayan ado kamar amarya. Manzo dattijo ne, ba ya son yawan magana. Ya ce, "Ardo, mece ce hujjarka?" Na nuna cediya. Alheri ya yi dariya ya ce, "Itace ne hujja? Ni ma ina da kuka a kasuwata, ta yi uku ɗin wannan. A gindinta aka kafa tutar."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kukarka tana da takarda? Tawa tana da ita, da hannun Modibbo Abdulsalami, tana Kwantagora wurin 'yarsa."

Ki ga fuskarsa, Iyatu! Sai ya ce, "Ka yarda da duk abin da ke cikinta, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba?" Na ce na yarda. Manzo ya sa aka kawo Alƙur'ani, na dafa, Alheri ma ya dafa. An sa rana bayan an yanke dawa, hanya ta bushe. Manzo zai karɓi takardar daga hannunki ya zo da ita, a karanta a gaban kowa.

Na san kin ce in kama bakina. Na ɗauka irin taka-tsantsan ɗinku ne na malamai, ku da ba ku cewa rana ta fito sai kun duba littafi. Tunda kin ce in kwantar da hankalina, na san an gama.

Mun yanka rago. Na ajiye miki kitsen. Wassalam.


Tungar Tuta, 29 ga Rabi'ul Awwal

Daga Haliru zuwa ga Iyatu. Gaisuwa. Jiki lafiya. Sauran ban sani ba.

Larai ta iso jiya. Zazzaɓi ya kwantar da ita a Kumbashi wurin 'yarta, wasiƙarki ta yi kwana goma sha takwas a ƙarƙashin faifai. Da ta iso a kan lokaci, da ban dafa Alƙur'ani ba.

Na je wurin Goggo Inno, tana zaune tana kaɗa nono. Na ce, "Goggo, ina dutse mai tsaga?"

Ta ce, "Yana inda Allah ya ajiye shi. Ai wannan mazauninmu na farko ne. Kaska ta kore mu kana goye, muka matso. Sai tsando ya dame mu, muka ƙara matsowa. Na ukun ai ka tuna, kai ka kora maruƙa."

Na ce, "To cediyar fa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce, "Ita ce mana. Duk tashi ni nake saro reshe da hannuna in kafa. Wannan ta huɗu ke nan, amma ita ce dai. Kai da ka sake riga sau nawa, ba kai ba ne?"

Iyatu, wallahi ban ɓoye miki komai ba. Na san mun matsa. Kowa ya sani. Amma ban taɓa lissafa shi a tashi ba. Bakin fadama ɗaya muke bi, ciyawa ɗaya, suna ɗaya, mutane ɗaya. A wurinmu gari yana inda aka ɗaure dangwalin maruƙa. Ban san a wurin mutanen birni gari ƙasa ba ne sai jiya.

Na tafi da kaina na gani. Tafiyar asuba zuwa hantsi ce. Na wuce ta uku, na wuce ta biyu, kowacce tana tsaye a kufai. Ta farkon tana nan gindin dutse, cikin sarƙaƙiya, a bayan gonakin Alheri. Na tsaya inuwar dutsen ta rufe ni da ita, yadda Kawu ya rubuta.

Ina roƙonki abu ɗaya, ban taɓa roƙon irinsa ba. Ki cire falle na biyu. Ki ba manzo na farko kawai. Takarda ce ta shekara talatin, gara na cin takarda, damshi na ci, wa zai tambaya? Ba ƙarya za ki yi ba, shiru za ki yi.

Gida goma sha ɗaya ne a kaina. Akwai saniya tara masu ciki, su ne duk abin da muke jira. Goggo ba ta iya tafiyar yini. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, ba abin da zai same shi. Mu ne a waje. Ki amsa da wuri, don girman Allah. Wassalam.


Kwantagora, 24 ga Rabi'us Sani

Daga Iyatu zuwa ga Haliru. Gaisuwa da aminci. Muna lafiya. Na san na daɗe ban amsa ba, zan gaya maka dalili ko da ba zai yi mini kyau ba.

Abin da ka roƙa ba ya yiwuwa. Marubuta kan sa kalmar farko ta falle mai zuwa a ƙasan wanda ya gabace shi, don kada jeri ya rikice. Tana nan a ƙasan na farko. Duk wanda ya taɓa riƙe littafi zai ga an cire wani abu, kuma Na'inna ya riga ya gaya wa alƙali falle biyu ne. Ƙanena mutum ne mai gaskiya, musamman in gaskiyar ba za ta taɓa shi ba.

Na san duk wannan, amma sai da na gwada. Akwai bangon ɗakin ajiyarmu da gara ta kama. Na kai falle na biyun na jingina a wurin, na rufe ƙofa, na ce ni ban cire ba, ban yaga ba, in Allah ya so halittarsa ta ci abinci ba ruwana. Ka ga irin fiƙihun da 'yar malamai ke yi in ta matsu. Na bar shi kwana goma sha biyu, ban iya rubuta maka ba, ban iya kallon gafakar Baffa ba. Gara ta ci tabarma, ta ci tsohon sirdi, ta ci igiyar guga. Takardar ko gefe ba ta taɓa ba.

Da na ɗauko ina karkaɗe ƙasa, na juya bayanta. Akwai layi ɗaya da na wuce da gaggawa rannan, saboda dutse ya cika mini ido:

"Aka ce ciyawar fadama ta mutanen cediya ce, su da 'ya'yansu."

Ka karanta da kyau. Bai ce mutanen dutse ba. Alheri yana da dutse, amma kai ka gaya mini kuka yake nunawa. Bai ma san cediyar tana bayan gonarsa ba. To ga abin da za ka yi. Ranar da manzo ya zo, ka roƙi a ce wa Alheri ya nuna itacen. Zai kai su kasuwa. Sannan ku ɗora Goggo Inno a kan takarkari ta ja gaba, ta kai su gindin ta farko ba tare da an nuna mata hanya ba, ta ɗora hannu a tabon da ta sari reshe. Daga nan ta biyu, ta uku, har ƙofar gidanka. Itace huɗu a jere da tsohuwar da ta kafa uku daga ciki. Na gwada maganar a kan Na'inna kamar tambayar karatu, ya daɗe yana shafa gemu, ya ce hujja ce mai nauyi. Bai taɓa ce wa maganata haka ba.

Duk abin ya rataya a kan tsohuwar cediyar. Kada kowa ya je kusa da ita, kada a tsinki ko ganye, kada Alheri ya ga sawunku a wurin. Wassalam.


Kwantagora, 20 ga Jimada Awwal

Daga Iyatu zuwa ga Haliru. Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, don ban sani ba.

Manzo ya karɓi takardar ya tafi da ita kwana tara ke nan. Larai ta ce ta ba ka wasiƙata hannu da hannu, ka karanta a tsaye, ka shiga bukka ba ka fito ba har ta gaji ta tafi. Ba ka ba ta amsa ba, ba ka ba ta ko ruwa ba.

Jiya a kasuwa masu kawo dawa suna labarin wani itace da ya yi kwana uku yana hayaƙi a gindin Dutsen Alheri. Na tambaye su wane iri, suka ce ba su kula ba.

Ka rubuto ka ce mini kuka ce.


Tungar Tuta, 8 ga Jimada Sani

Daga Haliru zuwa ga Iyatu. Gaisuwa. Ba wanda ya mutu.

Ba kuka ba ce.

Na jira amsarki kwana ashirin. Duk wadda ta ɓullo ta hanyar rafi da ƙwarya a ka sai in ce Larai ce. Da na ji shiru, na ce kin ƙi, kina jin kunyar faɗa. Na ce in takarda za ta kai manzo gindin dutse, to ya je ya tarar ba cediya a can, sai tamu. Ranar Juma'a da azahar, mutanen Alheri suna masallaci a ɗaya gefen dutsen, muka je ni da ƙannena biyu. Muka ɓare ɓawon kewaye, muka tara kara da busasshen kashin shanu, muka sa wuta. Wasiƙarki ta iso bayan kwana huɗu.

Hayaƙin ne ya kira Alheri. An ce ya zo ya tsaya ya ga sawun shanu da na mutane, ya ce, "Me ke cikin itacen nan da Fulani za su bar kiwo su zo ƙona shi?" Daga ranar bai ƙara ambaton kuka ba. Ni na nuna masa, Iyatu. Shekara uku yana noma a gefenta bai sani ba.

Manzo ya tara mu a gindin dutse da hantsi. Malamin da ya zo da shi ya karanta falle biyun, gaba da baya. Yana karantawa inuwa tana kan kututturen, baƙi ƙirin. Na kawo Goggo a kan takarkari kamar yadda kika ce, ko da na san ba amfani. Aka sauke ta. Ta bi jikin kututturen da hannu tana neman inda ta sara. Hannunta ya yi baƙi har gwiwar hannu. Ba ta samu ba. Ta ce, "A mayar da ni."

Manzo ya ce, "Wa ya sa wutar nan?"

Na dafa Alƙur'ani sau ɗaya a kan maganar nan, ban iya ƙara ƙarya a kai ba. Na ce ni ne.

Manzo ya juyo gare ni. Ya ce, "Ardo, takarda ta ce mutanen cediya. Na taso daga Kwantagora in ga mutanenta, na tarar da wanda ya sa mata wuta. Me kake so in koma in faɗa?"

An ba Alheri fadama. An ce muna iya zama har ƙarshen Rajab, amma shanu kada su sauka. Zama ba ciyawa ai ba zama ba ne. Saniya biyu sun haihu, uwayen suna tsaye a bakin fadama suna kallon kore suna kuka. Za mu yi yamma, ta wajen Kaboji, an ce akwai rafi da bai ƙafe ba. Ban san wanda ke da shi ba.

Goggo ba ta yi mini magana ba tun ranar. Jiya na gan ta tana wasa adda.

Ba na ɗora miki laifi. Kin yi abin da baiwa ba ta yi wa ubangijinta ba. Ki yafe mini roƙon da na yi miki. Wassalam.


Kwantagora, 11 ga Rajab

Daga Iyatu 'yar Modibbo zuwa ga taubashina Ardo Haliru, duk inda wannan ta same shi. Gaisuwa da aminci da yarda.

Muna lafiya. Idon ya ƙara ruwa, Na'inna ya ce rubutu ne, na bar shi a haka. Yaya gwiwar Goggo, yaya maruƙa?

Kwana goma sha biyun da na ba gara, kai na hana su. Ka ce ba ka ɗora mini laifi ba. Na gode, amma na iya lissafi.

Akwai wasiƙar da na aiko maka kafin wannan, ta dawo mini ba a buɗe ba. Gara ka ji abin da ke ciki daga gare ni. Da manzo ya dawo aka sake karanta takardar a zauren alƙali, wani dattijo ya ce hurumin na cediya ne, toka kuwa ba cediya ba ce. Aka aika wa Alheri cewa in yana son fadama ta zauna a hannunsa, sai an ga cediya mai rai a gindin dutse, kuma daga tsatson waccan. Ka gane? Mutumin da ya ce itacenku ba hujja ba ne, ya wayi gari ba abin da yake nema a duniya sai reshe ɗaya daga jikinsa. Na rubuta maka ka sa masu tsaro a kan ukun da suka rage, kada ka ba shi ko tsinke sai ya bar muku ƙasan fadama. Na ari jaki na ɗora Larai a kai.

Ta tarar kun tashi da kwana huɗu. Ta ce, "Malama, ba kowa sai kaji biyu da aka manta. Toka ma ta huce." Na ce itacen fa? Ta ce an sare shi wuri biyu. Ɗaya sara ne a karkace, sumul, ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun tsohuwa zai kai. Ɗayan kuwa da gatari aka yi, an yage ɓawo, ga sawun dawaki kewaye.

Saboda haka yanzu akwai turke a gindin dutse, an yi masa shinge, an sa bawa yana ba shi ruwa safe da yamma. An ce Alheri yana kai baƙi su gani. Nan da shekara ashirin za a rantse shi ne na asali, kuma abin haushin, ba za a yi ƙarya ƙwarai ba.

An dawo mini da takardar Baffa. Na samo falle na uku na rubuta abin da ya faru, da kaska da tsando, da hannun Goggo, da wutarka, da garata. Ban rage wa kowa ba. Hannuna bai kai nasa kyau ba, amma ya fi naka.

Larai za ta bi fatake zuwa Kaboji da wannan. Na ce mata kada ta wahalar da kanta tambayar sunanka, ba wanda ya san shi a can. Ta duba rugar da aka kafa ɗanyen turke a tsakiya, ba doki a jikinsa, tsohuwa tana zuba masa ruwa.

A ƙasan fallen na bar gurbin kalmar da za ta buɗe na gaba. Sunan wurin da kuka sauka ne. Ka aiko mini da shi.